Wata biyar ina gudu a Rumde Ajiya, sikeli bai motsa ba

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Assalamu alaikum mutanen gida. Tambaya gare ni, amma don Allah kar a mai da ni abin dariya. Tun bayan ƙaramar salla na fara fita motsa jiki. Ana idar da sallar asuba nake ɗaura takalmi in nufi wajen filin ƙwallo na Rumde Ajiya da ke nan Garwa ta Kamaru, in yi ta zagaye, gudu-gudu tafiya-tafiya, har wayata ta nuna kilomita 5. Kwana huɗu a mako, ba na fashi sai in ruwa ya tsare ni. Ranar da na fara na hau sikeli a wani shagon magani, ya nuna kilo 96. Jiya na koma kan wannan sikelin dai, na ba da dala ashirin ɗina, ya nuna 96 da rabi. Wata biyar cur! Uwargida ta ce da barcina na yi da ya fi min. Masana, ina matsalar take?

Sani Mai Moto:
Alhaji ko dai da cinikin shago a aljihu ka hau? 😂

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Ka ga irinta ko Sani? Tun ban rufe baki ba.

Bala Gola:
Alhaji gudunka ne ba ya kai wa ga zufa. Asuba akwai sanyi, balle yanzu da damina. Ka sa rigar leda a ciki, ka ɗora mai kauri a sama, ka fita ƙarfe goma sha ɗaya. Ni na taɓa zubar da kilo biyu a wasa ɗaya, da idona na ga sikeli.

Malama Hadiza (ma'aikaciyar jinya, Ngaundare):
Bala ka rufa mana asiri. A ranar Garwa za ka tura magidanci mai kilo 96 gudu cikin leda? Garin da zafinsa ke haura 40 a watan Maris da Afrilu? Kilo biyun da ka gani ruwa ne, lita biyu ta fita ta fatarka, kuma da ka koma gida ka kafa kai a randa ta dawo. Zufa ba kitse ba ce. Kitsen da jiki ya ƙona, mafi yawansa ta numfashi yake fita. An yi lissafinsa a mujallar likitoci ta BMJ a 2014: cikin kilo 10 na kitsen da mutum ya rasa, 8.4 iska ce da huhu ke fitarwa, 1.6 ne kawai ruwa. Abin da leda za ta jawo wa Alhaji shi ne jiri, da wahalar da ƙoda.

Bala Gola:
To Malama, na janye ledar. Amma dai zufa lafiya ce.

Hajiya Maman Ummi (Marwa):
Ni ba zan ce komai ba sai Alhaji ya gaya mana inda yake biyawa in ya gama gudun. Na san halin mazan nan.

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Hajiya ai ba wani abu ba ne. Akwai wani mai shayi a hanyar gida, nan muke zama da abokan gudun, mu biyar. Shayi da madara, rabin burodi, ƙwai biyu, wani lokaci a ɗan sa supageti a cikin ƙwan. Mutum ya yi gudu ai dole ya mai da abin da ya fita.

Hajiya Maman Ummi (Marwa):
Da mayonez?

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Ɗan kaɗan.

Hajiya Maman Ummi (Marwa):
Kafin ka fara gudun me kake karyawa da shi?

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Kunu kofi ɗaya da makala, wato fanke, guda biyu, in wuce kasuwa. Yanzu ma in na isa gida ina shan kunun, don kar a ce na raina girkin gida.

Sani Mai Moto:
Shari'a ta ƙare, a tashi kotu.

Abdulƙadir (ɗalibi, Dang):
Baba Alhaji, bari in ɗan yi maka lissafi, karatun abinci nake yi a ENSAI, makarantar sarrafa abinci ta jami'ar Ngaundare da ke Dang, wannan shi ne ɗan abin da na iya. Ƙiyasi ne, ba awon zinariya ba. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Mai gudu yakan ƙona kusan kalori 1 a kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Kai kilo 96, kilomita 5, da gudu zalla ne da ya kai 480. Tunda kana haɗawa da tafiya, mu ce 400. Sau huɗu a mako, 1,600. Shi kuwa kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da wajen kalori 7,700. Wato ko da bakinka bai ƙara ko loma ɗaya ba, sai ka yi kusan mako biyar kafin kilo ɗaya ya tafi.

Yanzu mu je teburin mai shayi. Rabin burodi wajen 300. Ƙwai biyu da man da ake kwarara musu a kasko wajen 250, domin babban cokali ɗaya na mai kaɗai kalori 120 ne, kuma ban taɓa ganin mai shayin da ke auna mai da cokali ba. Mayonez cokali ɗaya wajen 90. Shayi da madarar gwangwani da sukari, 150 in an tausaya. Mun doshi 800 ke nan, ban sa supageti ba, ban sa kunun gida ba. Ka fitar da 400 cikin minti hamsin, ka mayar da 800 cikin minti goma. Ni abin da ya ba ni mamaki ma shi ne da rabin kilo kawai ka ƙaru.

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Innalillahi. Ashe tufka da warwara nake yi.

Iro Mai Kura (Kusiri):
Ni fa ban yarda da wannan lissafin na 'yan boko ba. Shekarata tara ina tura kura daga kasuwa zuwa bakin gadar Ngeli. Ku zo ku nuna min mai turin kura guda ɗaya da ke da tumbi. Ko ɗan dako, ko mai haƙar yashi a kogi. Kuma wallahi tuwon da nake ci da dare Alhaji ba zai iya rabinsa ba. In motsa jiki ba ya rage ƙiba, to mu me ya busar da mu?

Malam Yakubu (malamin motsa jiki, Garwa):
Iro ya yi tambayar da ta dace. Amsarta tana cikin awoyi. Iro kana aiki awa takwas ko tara a tsaye, kwana shida ko bakwai a mako. Alhaji yana yin minti hamsin sau huɗu, sauran yinin yana zaune a kan buhu yana danna kalkuleta. Ba abu ɗaya ba ne. Sannan ka ƙirga abin da ke shiga bakinka tsakanin safe da dare. Tuwon dare ne babba, amma da rana fa?

Iro Mai Kura (Kusiri):
Da rana sai dai shayi da gyaɗar dala goma, in an samu.

Malam Yakubu (malamin motsa jiki, Garwa):
To ka gani. Alhaji kuma fa, da rana?

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Ana kawo min kwano daga gida, shinkafa ko tuwo. In baƙo ya zo shago a sayo lemo, ba zan bar shi ya sha shi kaɗai ba. La'asar mai tsire ya biyo. Kun san zaman kasuwa.

Abdulƙadir (ɗalibi, Dang):
Babbar kwalbar lemo ta santilita 60 tana da sukari wajen giram 60, ƙaramin cokali 15 ke nan, kalori wajen 240. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 abin da ya fi shi ne kar mutum ya wuce wajen giram 25 na irin wannan sukarin a yini. Baƙo biyu suka zo maka, gudun asuba ya tafi da riba a kai.

Amma Kawu Iro, akwai wani abin da zai fi ba ka haushi. Wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, ya je Tanzaniya wurin mutanen Hadza, waɗanda wasunsu har yau farauta da tonon saiwa da ɗiban zuma suke rayuwa da su, kullum suna cikin daji a ƙafa. Shi da abokan aikinsa suka auna kalorin da jikinsu ke ƙonawa a yini, suka buga sakamakon a 2012. Kowa ya zaci za su ninka ma'aikacin ofis. Da aka daidaita da girman jiki sai aka ga kusan ɗaya suke da mutanen Amurka da Turai masu yini a kujera. Fassarar da ya yi ita ce jiki kamar magidanci ne mai albashi ƙayyadadde: in kuɗin mai ya ƙaru sai ya rage na wani wurin. In ka matsa masa da motsi, sai ya tsuke abin da yake kashewa a wasu ayyukan cikin gida da ba ka gani. Dama kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da muke ƙonawa a kwance ake ƙona shi, bugun zuciya, numfashi, hanta, ƙwaƙwalwa. A 2021 wani binciken da ya duba mutum 1,754 ya nuna cewa a matsakaici jiki yana maido kashi 28 cikin ɗari na abin da motsi ya ƙona ta wannan hanyar, kuma ga masu ƙiba sosai abin ya kusa rabi. Saboda haka 400 ɗin Baba ma ba lallai ta kai 400 ba.

Iro Mai Kura (Kusiri):
Su Hadza ɗin suna da tumbi?

Abdulƙadir (ɗalibi, Dang):
Ba su da shi.

Iro Mai Kura (Kusiri):
To ai maganata ce.

Abdulƙadir (ɗalibi, Dang):
Ba su da mai shayi kuma, Kawu.

Malam Yakubu (malamin motsa jiki, Garwa):
Abdulƙadir ɗana, ka yi a hankali da wannan labarin na Hadza, don na ga yadda ragwaye ke ɗaukarsa a matsayin fatawar kwanciya. Masana ba su gama sasantawa a kan girman wannan tsukewar ba, har yanzu ana ja. Kuma akwai gwaje-gwajen da aka sa mutane motsa jiki a gaban masu sa ido, suka rage nauyi ba tare da an taɓa musu abinci ba. A Kansas ta Amurka an yi na wata 10, kwana biyar a mako, kowane zama kalori 400 ko 600, suka sauke wajen kilo 4 zuwa 5. Ba yawa, amma ba sifili ba ne. Wanda ya fi burge ni shi ne na Leeds a Ingila, 2008: mutum 35, mako 12, aiki iri ɗaya, kalori 500 sau biyar a mako. Matsakaicin abin da aka rasa kilo 3.7. Amma a cikinsu akwai wanda ya sauke kilo 14.7, akwai kuma wanda ya ƙaru da 1.7. Gudu ɗaya, jiki daban-daban. Waɗanda ba su ragu ba, yawanci yunwa ce ta taso musu suka ƙara ci, galibi ba su ma lura ba. Ina ganin wannan a 'yan ajina duk shekara. Yaro ɗaya in ya gama wasa ko ruwa da ƙyar yake sha, wani kuwa kai tsaye wurin mai makala.

Alhaji, wata tambayar. Ranar da ka yi gudu, yaya kake zuwa kasuwa?

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Da dai a ƙafa nake zuwa, minti ashirin da biyar ne daga gida, in dawo a ƙafa da yamma. Tun da na fara gudu gwiwa ke ɗan yi min tsami, sai in hau moto, wato acaɓa. Ai na riga na yi nawa da asuba.

Sani Mai Moto:
Ni ne ma nake kai shi wani lokaci. Allah ya ƙara wa gudun nan albarka, jaka biyu nake samu a mako.

Malam Yakubu (malamin motsa jiki, Garwa):
To Alhaji ka ji inda sauran suka zube. Da kana tafiyar minti hamsin kullum, zuwa da dawowa, kwana shida, ba ka ma kira ta motsa jiki ba. Yanzu ka sayar da ita ka sayi minti hamsin na kwana huɗu. Wannan ita ce asarar da ta fi ɓoyuwa, don waya ba ta nuna ta. Ita wayar ma kar ka ba ta amana: a jami'ar Stanford an gwada agogunan hannu guda bakwai masu ƙirga motsi a 2017, bugun zuciya yawancinsu suna kamawa daidai, amma a lissafin kalori wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshensu da 93.

Goggo Asabe:
Ni dai ban san me ya shiga kan 'ya'yan yanzu ba. Mutum Allah ya rufa masa asiri, jiki ya murje, sai ya tashi da duhun asuba yana gudu ba abin da ya koro shi. A zamaninmu in magidanci ya rame, matarsa ake kira a tambaya. Ɗanjuma ka bar wahalar da kanka, ubanka ma haka yake da jiki.

Hajiya Maman Ummi (Marwa):
Goggo kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Maigidana likita ya ce masa ya rage, sukarinsa ya fara hawa. Na rage mai a miya, na daina soya masa dankali da dare, na mai da folere ɗinsa, wato zoɓo, ba sukari sosai. Wata biyu ya sauke kilo huɗu, wuyan riga ya fara yi masa yawa. Ranar da muka je suna a Domayo, yayarsa ta ja ni ɗaki ta ce me nake yi wa ƙaninta, ko abincin ne ba na ba shi. A gaban mutane fa ta fara, sai da ta ga fuskata ta canza. Na dawo gida ban yi barci ba. Saboda haka masu cewa a gyara abinci, ku sani ba a kicin kaɗai ake yaƙin ba. Tukunya ɗaya ake yi wa gida mai mutum goma sha biyu, wa zai ware wa Alhaji tasa? Shi ya sa maza suka fi son gudu, gudu ba ya sa a yi da kowa.

Goggo Asabe:
Ai gaskiyar yayar tasa ne. Amma in ciwon sukari ne, wannan kuma daban. Shi ya tafi da ƙafar maƙwabcinmu.

Malama Hadiza (ma'aikaciyar jinya, Ngaundare):
Goggo ai shi muke gudu. Kuma tunda Hajiya ta kawo zancen mata, bari in ƙara. Akwai waɗanda ke zuwa mana suna kuka da cewa suna motsa jiki ba sa raguwa, sai an bincika a ga magani ne. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana sa wasu ƙiba. Haka magungunan da ake sha don ciwon gaɓoɓi ko asma irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda 'yan mata ke saya a tebur da sunan sha-ka-fashe, suna kumbura fuska da ciki, suna tayar da sukari da hawan jini. Akwai kuma ciwon maƙoshi da ke rage aikin sinadarin thyroid, mutum ya yi ta jin sanyi da kasala yana ƙara nauyi. Wannan gwajin jini ke nuna shi. Ban ce Alhaji na da ko ɗaya ba, nasa a bayyane yake, yana kan teburin mai shayi.

Sai barci. Alhaji ƙarfe nawa kake kwanciya?

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Sha biyu, wani lokaci ɗaya saura, in an yi hira a majalisa. In tashi huɗu da rabi.

Malama Hadiza (ma'aikaciyar jinya, Ngaundare):
Awa huɗu da rabi ke nan. Ƙarancin barci yana ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa, yana sauke wanda ke sa jin ƙoshi, kuma abin da rai ke so a lokacin shi ne mai zaƙi da mai maiƙo. Ba rashin tawakkali ba ne ke kai ka wurin mai shayi, akwai hannun wannan.

Malam Habu (Injamena):
Ni abin da nake tunawa shi ne azumi. Muna yini ba ci ba sha cikin zafin Chadi, mu yi tarawihi a tsaye, wasu har tahajjud, amma ranar salla rigar da aka ɗinka a farkon wata sai ta ƙi shiga. Kowa ya san dalili, tsakanin magariba da sahur ne. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, mun haddace shi tun muna allo. Aiki da shi ne sai a hankali, ni ma da nake faɗa ban tsira ba.

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
To jama'a na ji. In haka ne gobe ba inda za ni. In ci gaba da shan kununa in tafi kasuwa a ƙafa kamar da, in huta da ciwon gwiwa.

Malama Hadiza (ma'aikaciyar jinya, Ngaundare):
A'a Alhaji, ba haka muka ce ba! Kai da sikeli kaɗai ka yi shawara. Lokacin da ka fara, zagaye nawa kake yi kafin ka tsaya?

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Wane zagaye? Daga wannan turken wuta zuwa wancan sai na dafa gwiwa ina haki kamar an shaƙe rago. Yanzu ina yin kilomita biyu ban tsaya ba. Kuma gaskiya awon hawan jinina ya sauka, da 15 da 9 ne, wato 150 da 90, wancan makon aka ce 13 da 8.

Malama Hadiza (ma'aikaciyar jinya, Ngaundare):
Shi ne za ka zo kana cewa wata biyar ta tafi a banza? Mutane nawa ke shan ƙwaya kullum don su samu wannan saukin? Motsa jiki yana rage kitsen da ke naɗe a hanji da hanta ko da nauyi bai sauka ba, kuma shi ne kitsen da ke jawo sukari. Minti 150 zuwa 300 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa, don zuciya da jini da sukari ne. A Amurka an yi wani babban gwaji da aka buga a 2002 kan masu dab da kamuwa da ciwon sukari: waɗanda aka ɗora kan tafiyar minti 150 a mako tare da gyaran abinci don su rage wajen kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Biyun aka haɗa. A jikinka kashi 7 bai kai kilo 7 ba. Sannan waɗanda suka rage ƙiba ta kuma zauna ba ta dawo ba, mafi yawansu masu motsa jiki ne a kai a kai. Ka samu tef ɗin tela ka auna cikinka daidai cibiya, da safe kafin ka ci komai. Abin da ake so kar ya wuce rabin tsayinka.

Malam Yakubu (malamin motsa jiki, Garwa):
Gwiwar kuma ka sassauta mata. Kwana biyu gudu, kwana biyu tafiya mai sauri, ka guji kwalta in akwai ƙasa a gefe. Ka koma zuwa kasuwa a ƙafa, Sani ya nemi wani fasinjan.

Sani Mai Moto:
Malam Yakubu me na yi maka?

Bala Gola:
Tsoka ma ai ta fi kitse nauyi, wataƙila tsoka ya yi.

Malam Yakubu (malamin motsa jiki, Garwa):
Bala, sassarfar asuba ba ta gina tsokar da za ta ɓoye kilo biyar. Masu ɗaga ƙarfe ma sai sun yi watanni kafin su ƙara kilo ɗaya ko biyu. Kar mu ba shi inda zai ɓuya.

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Na aika yaro wurin telan da ke gefen shagona ya karɓo tef. Tsayina 174, cikin ya nuna 106. Telan ya biyo yaron da littafinsa, ya buɗe awon da ya yi min na kayan ƙaramar salla, 110 ya rubuta. Ya ce dama ya lura wandon ya fara sauka, ya zaci roba ce ta saki.

Abdulƙadir (ɗalibi, Dang):
Santimita huɗu Baba! Saura 19 ka kai 87.

Alhaji Ɗanjuma (Garwa):
Kai yaron nan ba ka iya barin mutum ya yi murna ba. Matsalata yanzu mai shayin ne. Wata biyar kullum yana ganina, ƙwaina ma ba na faɗa, yana hango ni yake fasawa. In na wuce shi gobe ban zauna ba me zan ce masa?

Hajiya Maman Ummi (Marwa):
Ka zauna mana, ka sha baƙin shayi da sukari ɗaya, ka ci ƙwai ɗaya dafaffe, ka bar kunun gida ko ka bar burodin, ɗaya dai. Amma in ka bar kunun ka fara yi wa uwargida bayani da kanka, kar ta ji a bakin yara.

Iro Mai Kura (Kusiri):
Ko ka zo Kusiri in ba ka kurata mako biyu, ni kuma in zauna maka a shago in karɓi baƙi.